Katin Inna Ya Zo, Inna Ba Ta Zo Ba

Aikina a asibiti ba na duba marasa lafiya ba ne. Ban iya allura ba, jini ma in na gani kau da kai nake yi. Ofishin kati nake, can baya kusa da inda ake wankin zannuwan gado. In likita ya gama da mutum ya rubuta abin da ke damunsa, fayil ɗin yakan zo teburina, ni kuma in nemo lambar wannan ciwon in shigar a kwamfuta. Kowace cuta da lambarta, kuma lambar ɗaya ce ko a Kazaure ko a Makka. Ranar da na kama aiki aka gaya mini dokar, ba ta da tsawo: abin da likita ya rubuta shi kaɗai za ki sa wa lamba, ba ki ƙarawa, ba ki ragewa, ba ki cewa ina jin kaza ne.

Cikin lambobin nan akwai wadda na tsana tun kafin ta shigo gidanmu. L30.9 ce, ma'anarta kumburin fata wanda ba a fayyace irinsa ba. Ƙazuwa tana da lambarta, makero yana da tasa, borin jini ma haka. Amma in layi ya kai bakin ƙofa, zafi ya ishi likita, mutum ya ce yana susa, sai a rubuta ciwon fata kawai a ba shi man shafawa, ni kuma ba ni da inda zan jefa shi sai can. Jakar magori muke ce mata a ofis. Ni dai ba na iya shiru, haka Allah ya yi ni. Nakan ɗauki fayil in tare likita a baranda in ce likita, wane irin ciwon fata, a ina yake a jiki, sabo ne ko ya daɗe? Har ta kai wasunsu in sun hango ni da fayil a hannu sai su tuna suna da aiki a ɗakin haihuwa.

Abin da ya fi cika jakar nan kuwa shi ne katin da ke zuwa mai shi yana gida. Ranar kasuwa magidanci zai taso daga ƙauyen Gwiwa ko Roni, wani har daga wajen Babura, ya sayar da abin da ya kawo, sannan ya biyo da katin matarsa ko na tsohuwarsa a aljihu. Ya zauna gaban likita ya ce tana fama da kaza, a taimaka. A ƙa'ida ba a yarda da haka ba. Amma tsohuwa ce, hanya ba kyau, babur kaɗai ke shiga, kuma in ka kore shi kemis zai wuce a haɗa masa abin da ya fi wannan muni. Don tausayi ake rubutawa. Ina yi wa likitocin tsaki suna yi mini dariya, haka muke zaune har ranar da ƙanena ya leƙo ofishina da kati a hannu ya ce na Inna ne.

Sai na yi bayani kaɗan a kan Inna, in ba haka ba abin da ya biyo baya zai yi kama da wauta. Ni ce 'yarta ta fari. Mu Fulani ne da suka daɗe da zama a wani ƙauye cikin duwatsun Roni. Harshen ya kusa tafiya, shanun sun ragu, amma kunya tana nan daram. Inna ba ta taɓa faɗin sunana ba. Ana yaye ni aka miƙa ni ga gwaggona a Kazaure, can na yi makaranta, can na yi aure, shi ya sa in za ta ambace ni sai ta ce ta Kazaure. In na je gida na durƙusa na gaishe ta, amsawa take tana kallon wani wuri, sannan ta tambayi matar ƙanena ko an ba baƙuwa ruwa. Na san tana sona, don man shanun da ya fi kyau ni ake ƙulle wa, sai dai ba ita za ta miƙo mini ba. Amma ko ciwon kai take yi, kowa a gidan zai iya sani ban da ni.

Ƙanen nawa shi ne autanta, shi ke zaune da ita, yana noma, in rani ya yi yana ɗan acaɓa. Mutumin kirki ne, sai dai ba ya tambaya. Na ce masa me ke damunta, ya ce ƙaiƙayi. Na ce a ina, ya ce ba ta faɗa ba. Na ce kai kuma bakinka ciwo yake da ba ka tambaya ba? Ya dube ni kamar na zage shi, ya ce Yaya, ta yaya zan tambayi Inna inda ke mata ƙaiƙayi? Bazara ce lokacin, kowa yana fama da ƙurajen zafi, sai na ce ya je ya bi layi. Da la'asar fayil ɗin ya zo teburina da kalma biyu a ciki, ciwon fata, na jefa mahaifiyata a jakar magori na kashe kwamfuta.

Bayan 'yan makonni katin ya dawo. Wani likitan ya samu, don namu ba sa daɗewa, yawancinsu masu hidimar ƙasa ne, wannan ya tafi wancan ya zo. Shi ma ya rubuta abin da na farko ya rubuta, ya canza man. Da katin ya sake dawowa, ruwa ya riga ya sauka, gero ya rufe ƙasa, ƙurajen kowa sun mutu. A nan ne na fara zargin wani abu. Na daɗe ina kallon lambar nan, na san halinta. Mutum yakan shige ta sau ɗaya ya fita, ba a sake ganinsa sai in zazzaɓi ya kama shi. Wanda yake dawowa da ita a kai a kai, ko dai an ga ciwon ba a gane shi ba, ko ba a gan shi ba sam. Na Inna kuwa babu mutum ɗaya a asibitin nan da ya taɓa ɗora ido a kansa.

Na ce wa ƙanena kada ya ƙara kawo mini kati babu mai shi. Ya ce ai ya yi mata maganar, ta ce ba ciwo take yi ba, wai don ƙaiƙayi za ta hau babur ta je birni mutane su yi mata dariya.

Ranar Asabar na hau bayan babur ɗinsa muka tafi. Mun bar kwalta muka shiga hanyar duwatsu, ruwa ya zaizaye ta, a wani wurin sai na sauka na taka. Na samu Inna a tsakar gida tana tsinkar rama. Na gaishe ta, ta amsa tana kallon kwaryar. Sai na zauna na ƙare mata kallo irin wanda ban taɓa yi mata ba, fuska, wuya, hannu, ƙafa. Fatarta lafiya lau, ko ƙurji ɗaya babu. Ta ji idona a kanta ta gyara zama ta ba ni gefe.

Amma akwai abin da bai yi mini ba. Ranar akwai gumi sosai, hadari ya taru ya ƙi zuba, ita kuwa tana sanye da riga, ta ɗaura zani a kai har ƙirji, ta kuma yafa mayafi, a cikin gidanta, alhali babu namiji ko ɗaya. Inna da na sani da ɗaurin ƙirji take yini. Can jikanta ya rugo zai faɗa mata a jiki kamar yadda ya saba, sai na ga ta yi sauri ta juya masa kafaɗar dama ta tare shi da gwiwar hannu. Yaron ya tsaya yana kallonta, ta ba shi ƙuli ta ce ya tafi wasa.

Na bi matar ƙanena madafa na titsiye ta. Da ƙyar ta yi magana, murya ƙasa ƙasa. Ta ce Inna ta karɓe wankin kayanta, da kanta take yi a bayan ɗaki, kuma a cikin ɗaki take shanya. Ta ce ta yayyanka wani tsohon zani ƙanana ƙanana, kuma tsummokaran kullum raguwa suke, da sassafe takan ga ta jefa wani abu a murhu ta tsaya sai ya cinye. Na ce ke ba ki taɓa gani ba? Ta dafe ƙirji ta ce ni, surukata? Wallahi kamar in ɗora hannu a ka. Ɗa ba ya tambaya, matar ɗa ba ta dubawa, 'yar fari ba a gaya mata. Ƙanwar Inna wadda suke wanka tare, suke kitso tare, ita ce da za ta gani, ta rasu shekarun baya. Duk gidan nan babu wanda aka yarda ya ga jikin tsohuwar nan.

Na yi kamar zan ajiye jakata na shiga ɗakinta. Riga tana rataye a igiya, an wanke ta amma tabon bai fita ba. A ƙirji yake, ɓangaren hagu, ruwan ƙasa ƙasa kamar inda romo ya ɗiga. Na ɗaga wata rigar da ke ƙarƙashinta, ita ma a daidai wurin.

Na fito na yi magana yadda aka saba. Na dubi matar ƙanena na ce ki gaya wa Inna likita yana son ganinta da kanta. Inna ta dubi matar ƙanena ta ce ki gaya wa ta Kazaure lafiyata ƙalau, ta ji da aikinta. Mu uku a tabarma ɗaya, gwiwarmu tana kusan taɓa juna. Baiwar Allahn nan tana tsakiya tana juya kai, ba ta isar da saƙon kowa ba, don kowa ya ji. Na koma Kazaure da man shanu a jaka da baƙin ciki fal cikina.

Sai na yi dabara. Akwai wata tsohuwar nas a asibitinmu, mutuniyar Gwiwa, ta kusa ajiye aiki, ba ta fi Inna ƙuruciya da yawa ba. Na roƙe ta, na ce sa'arta ce, baƙuwa ce, mace ce, babu kunyar da za ta shiga tsakani. Ta yarda, Allah ya saka mata. Inna ta karɓe ta hannu bibbiyu, ta dama mata fura da nono mai kyau, suka yi hirar mutanen da, sannan suka shiga ɗaki aka saki labule. Ina waje ina jin dariyarsu. Na ce alhamdulillahi, yau dai an gama.

Nas ta fito tana murmushi ta ce ke dai akwai tsoro, ɗan kirci ne a damtse, bai kai kwabo ba, ya ma fara bushewa. Na ja ta gefe na ce ta ɗaga miki riga? Ta ce ta tambaye ta ko akwai wani wurin, Inna ta ce babu, ita kuma ba za ta tuɓe dattijuwa a ɗakinta da ƙarfi ba. Gaskiyarta. Inna ta fito bayanta tana gyara mayafi, kuma ranar, karo na farko da zan iya tunawa, ta dube ni ido cikin ido, ɗan kallo kaɗan, irin na wanda ya ci wasa. 

Litinin na samu likitan da ke duba marasa lafiya na waje, wani saurayi mai haƙuri wanda na sha tarewa a baranda. Yana ganina ya ce yau kuma wane fayil ne. Na ce babu fayil, mahaifiyata ce. Na ba shi labarin tabon riga da tsummokara da yadda ta tare jikanta. Ya ajiye biro. Ya tambaye ni ɓangare ɗaya ne ko biyu, na ce ɗaya. Ya tambayi shekarunta, ya tambayi tun yaushe ake ba ta mai, kuma ko ya taɓa yin sauƙi. Sannan ya ce akwai abin da yakan fara a kan nono kamar kirci, yana ƙaiƙayi, yana ruwa, yana ɓawo, alhali tushensa yana ciki, kuma man shafawa yakan kwantar da shi a ido na ɗan lokaci. Ya ce ba zai kira suna ba tunda bai gani ba. Ya ce ki kawo ta, kada ki jira kaka. Ni da nake yini da littafin lambobi na san babin da yake nufi, babin da ba na son buɗewa ko don baƙo.

Na ɗauki hutu na tafi ban gaya wa kowa ba. Na isa da hantsi, ƙanena da matarsa suna gona wajen maimai, yara sun bi su. Gidan shiru, sai kaji. Na yi sallama a ƙofar ɗakinta, ta amsa daga ciki a hankali. Inna a kwance da rana! Tunda nake ban taɓa gani ba. Ɗakin ya turnuƙe da turaren wuta, amma a ƙarƙashin turaren akwai wani wari, kuma ƙudaje sun taru a jikin labule.

Babu wanda zan aika ya gaya mata, don haka na shiga na zauna a bakin gadonta, abin da ban taɓa yi ba. Ta juya ta fuskanci bango ta ce in fita. Na ce ba zan fita ba. Na lallashe ta, na haɗa ta da Allah, na ce ko ba ni ba, ta zaɓi duk macen da take so a duniya in je in ɗauko ta. Na yi kuka har majina. Ta yi mini banza, sai yatsanta da ke wasa da gefen tabarmar gado. To, ni kuma in raina ya ɓaci ba na sanin abin da ke fita daga bakina.

"Inna, in kin mutu wa zai yi miki wanka? Ni ce babba. Ranar zan kwance zanin nan in gani, lokacin da ganin ba zai amfani kowa ba."

Ina rufe baki na so ƙasa ta tsage in shige. Ban taɓa jin 'yar da ta gaya wa uwarta haka ba. Yatsan nata ya tsaya. Ina jin tsawa can nesa ta wajen duwatsu, ina jin kaza tana tono a bakin ƙofa. Na ɗauka tsine mini za ta yi.

Sai ta tashi zaune da ƙyar. Ta jawo mayafinta ta lulluɓe kanta gaba ɗaya, fuska da komai, ta naɗe shi a wuya yadda ko hancinta ba a gani. Sannan ta kwance zanin, ta ɗaga rigar, ta sa yatsu biyu ta ɓamɓare tsumman da ya manne. Na ji ta ja numfashi ta haƙori.

Na ɗaga labule don haske ya shigo. Kan nonon hagu babu shi. Ya cinye ya zama daidai da fata, wurin ya yi ja jawur, yana tsattsafo da ruwa, gefensa ya yi ɓawo, kuma jan ya faɗaɗa ya wuce baƙin da ke kewaye. Fatar da ke sama ta yi tauri ta lotsa ciki. Na ce ta ɗaga hannu, ta ɗaga. Na sa yatsuna a hammatarta, na ji kaluluwa mai tauri kamar ƙwallon dabino, ba ta motsi. Ni ba likita ba ce, ban san sunan abin da na gani ba. Amma tsoron da ya kama ni ranar bai sake ni ba har yau.

Daga cikin mayafin ta ce, "Kin gani?"

Na ce, "Na gani."

"To, fita in gyara."

Bayan wannan ba ta ƙara gardamar zuwa ba. Muka kawo ta asibitinmu, ta yi wa likita yadda ta yi mini, ta rufe fuska sannan ta buɗe jiki, tsohuwar nas ɗin nan tana tsaye tana salati a hankali. Aka tura mu babban asibiti a Kano, aka yanki 'yar tsoka aka kai gwaji, aka ce mu dawo. Da muka koma suka faɗi sunan, sankarar mama. Suka ce sai an cire nonon, sannan a duba inda ta kai, kuma duk jinkiri cutar yake yi wa aiki. Inna ta saurara har ƙarshe tana kallon ƙafafunta, ta yi musu godiya, ta ce za ta je gida ta yi shawara. Da wa za ta yi shawarar, oho. Na yi faɗa a mota tun daga Kano har Kazaure, ta bar ni ina yi ni kaɗai.

Takardar Kano ta biyo ta hannun likitanmu ta shiga fayil ɗinta, fayil ɗin ya zo teburina cikin sauran na ranar. Shekara da shekaru ina bin likitoci ina cewa su fayyace, su faɗi iri, su faɗi wuri. To ga shi an fayyace mini, da rubutu mai kyau wanda ba sai na je tambaya ba. Na buɗe sunanta a kwamfuta, hannuna ya danna L don sabo, tsohuwar lambar ta fito da kanta tana jira. Na daɗe ina kallonta. Wallahi a lokacin da za a ce in na bar ta haka abin zai koma ƙaiƙayi, da na bar ta, kuma da ban ƙara tare wani likita a baranda ba har in bar aiki. Abokiyar aikina ta lura, ta ce in kawo ta shigar mini. Na ce a'a. Na goge, na nemi babin da ke farawa da C. Kwamfuta ta tambaya dama ko hagu, na cike ban duba takardar ba.

Inna kuwa shawara ta ƙi ƙarewa. In na aika sai a ce sai an gama noma. Aka gama noma, sai an yanke gero. Na je da kaina, ta koma yi mini magana ta bakin matar ƙanena kamar ranar nan ba ta taɓa faruwa ba. Na lura hannunta na hagu ya fara nauyi, awarwaron da ta daɗe da shi a wuyan hannun ta mayar da shi dama. Likitanmu in mun haɗu a baranda yanzu shi ke tare ni, ya ce yaya jikin tsohuwa, in ce tana shawara, ya girgiza kai ya wuce.

Ran nan, ranar kasuwa, ina cikin aiki sai ga ƙanena a bakin ƙofa da kati a hannu. Ya ce Inna ta ce a karɓo mata man nan na farko, wai ya fi sanyi. Ban san lokacin da na miƙe ba. A gaban abokan aikina da mutanen da ke jiran kati na wanke shi tas. Na ce kai wane irin mutum ne, an gaya maka abin da ke cin uwarka, ka ji da kunnenka, sannan ka ɗauko kati ka zo karɓar mai? Na ce so kake a sake rubuta ciwon fata in sake jefa ta inda na ciro ta? Na ce in ta mutu da kai da babur ɗinka kuna da kamasho. Ya sunkuyar da kai ya bar ni na gama, har na rasa abin faɗa.

Sannan ya ce, "Yaya, ba likita ta ce in ba ba. Cewa ta yi in sa shi a hannun ta Kazaure."

Na tsaya da katin a hannu. Tunda aka haife ni Inna ba ta taɓa aikowa a kira mata ni ba, ba ta da bakin da za ta yi haka. Ta san man ba ya komai, a gabanta aka faɗa. Ta kuma san ni, ta san in kati ya zo babu mai shi ba zan iya zama ba. Na ɗauki mayafina na ce wa abokiyar aikina ta kashe mini kwamfuta.

Mun isa rana ta karkata. An yanke gero, an jingina dammuna a tsakar gida ana jiran a zuba a rumbu. Inna tana zaune a ƙofar ɗakinta a kan kujera 'yar tsugunne, ta sa atamfarta ta zuwa biki, ƙunshin kayanta a ɗaure a gefe. Ta rame, wuyanta ya fito, hannun hagun yana kan cinyarta a kumbure har yatsu. Na durƙusa na gaishe ta. Ta aiki matar ƙanena maƙwabta karɓo wani abu, ta ce wa ƙanena ya je ya juya babur. Muka rage mu biyu.

Tana kallon rumbu ta ce za ta bi ni Kano, su yi abin da za su yi. Na ce alhamdulillahi, na kai hannu zan ɗauki ƙunshin. Ta ɗora hannunta mai lafiya a kai.

"Maganar da kika yi ranar nan. Ta wanka."

Na ce, "Inna, ki yafe mini, ɓacin rai ne."

"Ban ce ki ba ni haƙuri ba. Ke za ki yi, ke kaɗai. Kada ki bar matar ƙanenki ta shigo, kada ki bar matan gari. Ke kin riga kin gani."

Na buɗe baki in ce ai ba za a kai ga haka ba, in ce likitocin Kano sun iya aikinsu, sai na dubi hannun nan na kasa. Na ce to. Ta ɗauke hannunta daga kan ƙunshin, na ɗauka, na kama ta ta ɓangaren dama na tayar da ita. A ƙofar gida ƙanena yana ta buga babur yana ƙin tashi.